Dubai, Dillalin Yadi: Tarihin Kasuwar da Ke Cika Akwatin Lefe

Ranar da aka kawo lefe a Kano ko Katsina ko Maraɗi, da zarar an buɗe akwatin farko mata sun kewaye tabarma, akwai tambayar da ba a daɗewa ba a yi ta ba: wannan ɗan ina ne? A ɗaga abaya baƙa mai duwatsu a bakin hannu, a murza gefen mayafi tsakanin yatsu, sai wata daga dangin ango ta amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ɗan Dubai ne." Daga nan an san ango ya yi ƙoƙari.

Sai dai Dubai ba ta noman auduga. Ba ta da kogi, ruwan da mutanenta ke sha ma daga teku ake ɗebo shi a cire masa gishiri. Yadin abayar nan, wanda 'yan kasuwa ke kira nida, zaren roba ne da aka samo daga man fetur, aka saƙa shi a Sin ko Koriya ko Indunusiya ko Japan. Telan da ya zauna a kan keke ya ɗinka ta, mai yiwuwa daga Bangaladash ko Pakistan ko Indiya ya zo ci-rani. Abin da Dubai ta zuba a cikin wannan sutura shi ne rumbun ajiya, da tashar jiragen ruwa, da suna. Aikinta dillanci ne. Kuma duk wanda ya taɓa sayen tunkiya a kara ko goro a Ujile ya san dillali ba la'ada kaɗai yake karɓa ba, in kaya suka fito da aibi shi ake nema. A yanzu da duniya ke tuhumar masana'antar tufafi kan gurɓata ruwa da iska da zaluntar ma'aikata, ana yawan kama sunan masu masaƙa da masu manyan kantuna na Turai, ana tsallake dillalin da ke tsakiya. Tarihin Dubai ya nuna bai kamata a tsallake shi ba.

Ado ne ya fara gina garin, ado ne kuma ya fara durƙusar da shi. A 1833 wasu mutane kimanin 800 na ƙabilar Bani Yas, ƙarƙashin gidan Al Maktum, suka baro Abu Dhabi suka zauna a bakin wani mashigin teku da ya kutsa cikin rairayi. Abincinsu kifi da dabino, dukiyarsu lu'ulu'u. Kowace bazara, kusan wata huɗu, maza na cikin kwale-kwale suna nutso da dutse ɗaure a ƙafa, da matsi a hanci, suna kwaso kawa daga ƙasan teku. Lu'ulu'un ya bi ta Bombay ya ƙare a wuyan matan sarakunan Indiya da attajiran Faris da Landan. Mai nutson kuwa da bashi yake shiga ruwa, da bashi yake fitowa, domin mai jirgi ya riga ya ba shi kuɗin da iyalinsa za su ci kafin ya dawo, kuma in ya mutu bashin kan hau kan ɗansa ko ƙaninsa. A cikin masu nutson akwai bayi da 'ya'yan bayi da aka kawo daga gabashin Afirka. Babu wata mai sarƙa a Faris da aka ji ta tambayi yadda aka samo abin da ke wuyanta.

Da Kokichi Mikimoto da wasu 'yan Japan suka gano dabarar sa kawa ta yi lu'ulu'u a gona ta cikin ruwa, kuma tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, kasuwar ta rushe. Shekarun 1930 da 1940 shekarun yunwa ne a Dubai. Abin da ya hana garin mutuwa wata shawara ce da aka yanke tun kafin nan. A wajajen 1902, lokacin da gwamnatin Farisa ta tsananta kuɗin fito a tashar Linga da ke ɗaya gaɓar, Sheikh Maktum bin Hashar ya cire kuɗin fito a tasharsa, ya ce 'yan kasuwa su zo a ba su fili da kariya. Suka zo, daga Linga da Bastak, suka gina unguwar Bastakiya mai hasumiyoyin kama iska da 'yan yawon buɗe ido ke ɗauka hoto a yau. 'Yan kasuwar Indiya suka kafa rumfuna a Bur Dubai, inda tsohuwar kasuwar yadi take har gobe. Tun ranar Dubai ta gane sana'arta: a sauke kaya a nan babu haraji, a sake loda su zuwa inda haraji ya yi tsada.

Yadda mutanen wancan zamani suke da sutura abu ne da Bahaushe zai gane nan take. Tsofaffin matan Dubai da kewayenta suna rufe fuska da wani ɗan ƙyalle mai sheƙi da suke kira burga. Wanda ya gan shi daga nesa zai rantse tagulla ce ko zinariya, alhali yadin auduga ne daga Indiya da aka jiƙa da shuni aka goge shi har ya yi ƙyalli, kuma yakan bar shuɗi a fatar mai shi. Wannan shi ne ainihin abin da marina da mabugan Kura ke yi wa turkuɗi, rawanin da Buzaye ke naɗawa har ya rina musu fuska. Tsakanin Kura da Dubai akwai hamada da teku, amma ganye iri ɗaya da dabara iri ɗaya suka ba su ado. Akwai kuma talli, wata igiyar ado da mata ke kitsawa da zaren auduga da siraran zaren azurfa a kan matashi, su ɗinka a wuyan riga da bakin hannu da ƙafar wando. Aikin yakan ci makonni, saboda haka in wando ya tsufa sai a ɓanɓare adon a mayar da shi kan sabo. A 2022 hukumar UNESCO ta sa talli cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kamar yadda ta sa saƙar sadu ta makiyaya, ta gashin raƙumi da awaki da tumaki, cikin waɗanda ke buƙatar ceto a 2011.

A Kano abin ya wuce ado, masana'anta ce sosai. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, da baba da toka da ruwa yake aiki. In rini ya mutu, sai a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasan rijiya, a dunƙule shi, a shanya, a ƙone. Wani a mayar da shi cikin sabon rini, wani a haɗa laso da shi a shafe bakin rijiyoyi da rufin soro don kada ruwa ya shiga. Riga in ta koɗe a mayar da ita karofi, a kai ta mabuga, ta fito kamar sabuwa. In ta gaji a yanke wa yaro, in ta wuce nan ta zama tsumman goyo ko gammo. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, kuma ya ga kayan Kano suna kaiwa Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Ba a ce mutanen da waliyyan muhalli ba ne. Tsadar zare da wahalar saƙa ce ta hana su zubarwa. Amma dai sun gudanar da kasuwar da ta tufatar da rabin Afirka ta Yamma ba tare da sun bar tsibin shara ba, kuma mai saye ya san garin da aka saƙa, ya san unguwar da aka rina.

Dubai ta zamani Sheikh Rashid bin Sa'id ne ya ɗora tubalinta bayan ya hau mulki a 1958. Mashigin tekun ya cushe da yashi, sai ya ciwo bashi daga Kuwait aka yashe shi don manyan jirage su shigo. Filin jirgin sama ya buɗe a 1960. An sami mai a 1966, aka fara fitar da shi a 1969, kuma kuɗin ya tafi ne kan tashoshi: tashar Rashid a 1972, ta Jabal Ali a 1979, sai yankin ciniki marar haraji na Jabal Ali a 1985, shekarar da aka kafa kamfanin jiragen Emirates.

A daidai wannan lokaci ne zaren roba ya mamaye duniya. Masaƙun Japan suna fitar da yadin foliyesta mai santsi wanda ba ya yamutsewa, ga arha, Indiya da Pakistan kuma sun rufe ƙofofinsu da haraji mai tsanani don su kare masaƙunsu. Sai yadin ya riƙa sauka a Dubai bisa doka, a loda shi cikin jiragen katako tare da zinariya da agoguna, ya tsallaka teku da dare. A wajen Dubai ciniki ne halal tun da an biya abin da dokarta ta ce, abin da ya faru bayan jirgi ya bar gaɓa kuwa ba ruwanta. Wannan hali na "na sayar, na wanke hannuna" shi ne ya bi kasuwar har zuwa yau. Daga wannan zamani ne kuma farin yadin Japan ya zama suturar mazan Larabawan yankin, ya biyo alhazai da 'yan kasuwa ya iso Arewa. Wanda duk ya taɓa cewa tela ya ɗinka masa toyobo, sunan wani kamfani na birnin Osaka yake kira, wanda asalinsa ya koma 1882.

Akwai ɗan lokacin da Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta, ta gwada ɗinki da kanta. Tun 1974 ƙasashen Turai da Amurka suka ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa mai tasowa za ta sayar musu. Masu kamfanonin Indiya da Pakistan da suka cinye kasonsu sai suka buɗe masana'antun ɗinki a Jabal Ali da Sharja da Ajman, suka kwaso ma'aikata, yawancinsu mata daga Siri Lanka da maƙwabtanta, don a manna wa riga takardar cewa a Daular aka yi ta. Da aka soke tsarin kason a ranar 1 ga Janairun 2005, Sin ta sami ƙofa a buɗe, akasarin waɗannan masana'antu suka kwashe kekunansu suka tafi. Dubai ta koma abin da ta fi iyawa.

Hausawa ba da Dubai suka fara ba. Tsarabar Makka ce ta buɗe ido: alhazai da hajiyoyi su dawo da jallabiya da gyale da zinariya daga Jidda, abin da ya fara a matsayin kyauta ya zama jari. Da Indiya ta sassauta dokokinta a 1991, ribar tsallakar dare ta ragu, sai 'yan kasuwar yadin Dubai, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta Texmas a 1990, suka juya ga ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat da Afirka. Cikin shekarun 1990 'yan Kantin Kwari suka gane hanya. A unguwar Deira, tsakanin Naif da Murshid Bazar, ɗan kasuwa zai ga kayan masaƙun ƙasashe goma a titi ɗaya, ya sayi bandir ashirin ba sai ya cika kwantena ba, ya miƙa wa masu kago su auna a kilo, ya riga kayansa dawowa gida. Biza ba wuya, ga masallaci a kowace kusurwa, ga abincin halal, abin da ya sa mazaje da yawa suka yarda matansu su yi tafiyar. Hajiyoyin Dubai sun zama wani aji na 'yan kasuwa mai zaman kansa, masu sayar da abaya da leshi da laffaya daga cikin ɗaki, a biya kaɗan-kaɗan. Emirates ta fara sauka Legas a 2004, kuma a shekarar ce aka buɗe Dragon Mart, kasuwar kayan Sin mai tsawon fiye da kilomita ɗaya a bayan garin Dubai.

Manyan kaya kuwa a wancan zamani ta ruwa suke bi. Kwantena ta tashi daga Jabal Ali ta sauka Kwatano ko Lome, a rubuta cewa Nijar za ta, ta hau mota zuwa Maraɗi, daga can ta san yadda ta yi ta ɓullo ta Jibiya ko Maigatari. Dabarar da ta kai yadin Japan Bombay ita ce ta kawo atamfar Sin Kano.

Ana wannan hada-hada masaƙun Arewa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila a 1957, ta tsaya a 2002. UNTL, wadda aka kafa a 1964 kuma ta zama mafi girma a Najeriya, ta rufe ƙofa a 2007. Arewa Textiles da Nortex da Gaskiya ta Kano duk suka bi sahu, unguwar Kakuri ta cika da magidanta marasa aiki, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Rashin adalci ne a ɗora wa Dubai wannan duka. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, lalacewar noman auduga a Funtuwa da Gusau, da cire takunkumin shigo da yadi a 1997, kowanne ya sa hannu. Kuma masaƙun nan ba tsarkaka ba ne, mutanen Kakuri da Makera sun san launin ruwan da ke gangarawa Kogin Kaduna, kamar yadda manoman Challawa suka san abin da masana'antun Sharaɗa da Challawa ke zuba musu. Amma akwai laifi ɗaya da ya bi ta hannun dillalai kai tsaye, wato jabu. A ɗauki zanen atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, ko ta masaƙar gida, ko tambarin shaddar Getzner ta Ostiriya, a kai Sin a buga shi a kan yadi mai araha, a rubuta sunan mai asali a gefen zane. Mace ta biya kuɗin auduga a ba ta roba, ta sa a zafin Afrilu jikinta ya yi ta ƙaiƙayi, wanki uku launi ya zube. A 2015 marinan Kano suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan cewa rinannun kayan Sin masu kwaikwayon nasu sun kashe musu sana'a. Zuwa lokacin manyan 'yan kasuwa sun riga sun wuce Dubai sun kama hanyar Guangzhou, 'yan Sin ɗin ma sun zo Kwari da kansu, amma a Deira aka koyi cinikin.

Akwai hanya ta biyu da ba ta shiga akwatin lefe, ita ce ta gwanjo. Daular Larabawa na cikin ƙasashen da suka fi kowa shigo da tsofaffin tufafi da sake fitar da su. Kayan da Bature ya jefa a akwatin sadaka a Jamus ko Ingila ko Ostireliya sukan sauka a yankunan da ba haraji na Sharja da Ajman da Jabal Ali, inda ma'aikata 'yan ci-rani ke tsaye yini guda suna rarrabewa: wannan na ɗaya, wannan na biyu, wannan tsumman goge inji. A matse su dila-dila a ɗaure da ƙarfe. Dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigo da gwanjo, amma kowa ya san Ƙofar Wambai ba ta taɓa yankewa ba. Gwanjo a kan kansa alheri ne, ya rufa wa talaka asiri a lokacin sanyi, kuma rigar da aka sake sawa ta fi wadda aka binne. Matsalar tana cikin dilar. Mai saye ba ya ganin ciki sai ya biya ya yanke ƙarfe, in ya tarar da rabi yagaggu ne ko masu tabo, babu wanda zai kai wa ƙara. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara, wadda gobara ta cinye babban sashenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna fita a matsayin shara, su toshe magudanai su kwanta a bakin teku. A Kano ba teku, sai kwata da kududdufi da wutar da ake cinna wa bola da magariba. Ƙyallen auduga ƙasa na cinye shi. Na roba yana nan shekara da shekaru, in aka ƙone shi kuma yara ne ke shaƙar hayaƙin.

Girman abin a duniya ya isa a tsaya a kansa. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna yawan tufafin da ake ɗinkawa ya ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar sutura bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Foliyesta kaɗai ta haura rabin dukkan zaren da ake samarwa a duniya.

Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinki. Abin da ya sa aka iya kama wani shi ne an tsinci tambarin manyan kamfanonin Turai da Amurka a cikin ɓaraguzan. Kunya ta sa kamfanoni sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine da kariyar gobara, wadda kotu za ta iya tilasta musu cikawa. To kayan da ke bi ta Deira zuwa Afirka fa? Mafi yawansu ba su da tambarin da za a kunyata. Ba a san masaƙar ba, ba a san sinadarin da aka rina da shi ba, alhali akwai nau'o'in rini da Tarayyar Turai ta haramta fiye da shekara ashirin saboda haɗarin sankara. Ba a san ko telan da ya kwana yana manna duwatsu a abayar sallah an biya shi ba. Daular ta kafa tsarin biyan albashi ta banki tun 2009 don a riƙa gane masu danne haƙƙin ma'aikata, wannan ci gaba ne na gaske, amma har yanzu dokarta ba ta ba ma'aikaci damar kafa ƙungiyar ƙwadago ba.

Dubai ta fara magana a kan waɗannan abubuwa, kuma ya kamata a faɗi abin da ta yi. Daular ta yi alƙawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2050, ta kira 2023 shekarar ɗorewar muhalli, ta karɓi taron sauyin yanayi na COP28 daga 30 ga Nuwamba zuwa 13 ga Disamban shekarar. A wurin taron mai zanen tufafi Stella McCartney ta baje kolin fatar da aka yi da tukar inabi da zaren da aka samo daga ciyawar teku, kamfanonin H&M da Bestseller kuma suka sanar da za su zuba jari a tashar lantarki mai aiki da iska a tekun Bangaladash. A cikin gari akwai The Giving Movement, wanda aka kafa a 2020, mai ɗinki a cikin Daular da zaren da aka sake sarrafawa, akwai The Luxury Closet mai sayar da kayan alfarma na hannu, akwai shagunan Thrift for Good da ke sayar da tufafin da aka bayar sadaka su tallafa wa yara da kuɗin. An hana ledar cefane ta amfani sau ɗaya daga Janairun 2024.

Duk waɗannan na masu hali ne, masu zuwa Dubai Mall da unguwar masu zane ta d3. Ba su taɓa kwantenar da ke tafiya Kwatano ba. A bayan gari, kusa da Dragon Mart, akwai Dubai Textile City, jerin rumbunan da bandir ke kwana kafin ya wuce Afirka da Asiya ta Tsakiya. A yankin Warsan da ke nan kurkusa an gina tashar da ke ƙone shara kusan tan miliyan biyu a shekara tana ba da lantarki. Wato Dubai ta tanadi inda nata tsumman zai ƙare. Wanda ta tura Kano da Maraɗi da Zinder kuwa ya zama matsalar mai unguwa. Garin da ya iya bin sawun kowace kwantena ta kwamfuta daga Shanghai zuwa Lome ba zai kasa tilasta a rubuta gaskiya a gefen yadi ba: ƙasar da aka saƙa, kashi nawa auduga, kashi nawa roba, wane rini. Ba kuma zai kasa sa doka a kan dilar gwanjo ba, ta yadda abin da aka rubuta a bayanta shi ne a cikinta, tsumma kuma a sarrafa shi a inda aka tantance shi. Turai ta riga ta kama wannan hanya don kanta. Daga Janairun 2025 dole ƙasashenta su riƙa tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara, kuma tana shirin sa wa kowace sutura shaidar asali da za a karanta da waya. Tufafin da za a tara za su ƙaru, kuma wani kaso mai yawa zai biyo ta Sharja da Jabal Ali yana neman inda ba a tambaya.

A tsohuwar kasuwancin Hausa, baƙon da ya sauka da kaya yana da fatoma, mai masaukin da ke tsaya masa. Fatoma ya san mai kaya, ya san mai saye, in an yi algus sunansa ne ke ɓaci, shi ya sa ba ya bari a yi. Da wannan amana aka yi cinikin goro daga Gwanja da na shanu zuwa Ibadan ba tare da takarda ba. 'Yan kasuwar Arewa ba baƙi ba ne a Deira, manyan masu saye ne, kuma an ga nauyinsu lokacin da aka dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a Oktoban 2022, masu shaguna da masu kago da masu masauki suka ji a jikinsu. An ɗage dakatarwar a Yulin 2024, jirgin Emirates ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoban shekarar.

Tun da hanya ta sake buɗewa, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da takwarorinsu na Maraɗi suna da damar su zauna su tsayar da sharaɗi ɗaya da za su kai wa masu rumbunan Dubai baki ɗaya: ba za su ɗauki bandir ko dilar da ba a rubuta asalinta da abin da ke cikinta ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta riƙa gwada yadin da ke kasuwa tana bayyana sakamako da Hausa a rediyo. Marinan gida da suka koma rinin kanti da soda su ma a taimaka musu da wurin tace ruwa kafin ya shiga kwata. Masu haɗa lefe kuma, iyaye da 'yan uwan ango, su ajiye wuri a cikin akwati ko da na zane ɗaya ne na saƙar gida da rinin Ƙofar Mata, su kuma ƙara wa mai shago tambaya bayan ya ce ɗan Dubai ne: wace masaƙa ce ta yi shi, kuma auduga ce ko roba?